Abin da Gambo Mai Fito Ya Ji a Tsakiyar Kogi

Ka ce ba mai iya sanin wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa sai an ƙirga ƙuri'a. To, gyara zama ka ji wani misali.

A wani gari na bakin kogi an yi wani mai fito da ake kira Gambo. Shekara talatin yana tsallakar da mutane a kwale-kwalensa, daga ƙauyukan hayi zuwa kasuwa. Ko sunansa bai iya rubutawa ba, amma da wannan kwale-kwalen ya ɗauki nauyin karatun 'yarsa Barira har ta zama ma'aikaciyar gidan rediyo a birni. A shekarar da nake ba ka labari, mutum biyu ne ke kan gaba a takara. Na farko shi ke kan mulki, taronsa kuwa ba masaka tsinke, yana ta alkawarin filin jirgin sama da dogayen gadoji a babban birni. Na biyun taronsa bai taka kara ya karya ba. Maganarsa ba ta wuce taki ya iso kafin ruwan shuka, da tsaron hanyoyin gona, da ungozoma a asibitocin ƙauye.

Ranar da aka yi gangamin mai mulki, Gambo ya yini yana jigilar jama'a, kowa da hula mai hoto, ana waƙa ana tafi. Sai dai ya lura da wani abu. Da zarar an bar gaɓa an kai tsakiyar ruwa, inda ba idon ɗan siyasa, sai waƙa ta mutu, hira ta koma wani wuri. Wannan ya ce damina biyu ke nan bai leƙa gonarsa ta daji ba saboda tsoro. Wancan ya ce bara sai da gero ya fara fitar da kai sannan taki ya zo. Wata tsohuwa kuwa ta nuna daidai inda jikarta ta haihu a cikin wannan kwale-kwalen, don an je asibitin hayi ba a tarar da kowa ba. Gambo bai taɓa jin an ambaci filin jirgi a kan ruwa ba, ko sau ɗaya.

Ana haka Barira ta zo gida, ta ce an sa ta cikin waɗanda za su yi hasashen zaɓe a rediyo, kuma duk abokan aikinta sun riga sun ba mai mulki nasara. Gambo ya ce, "Kada ki tambayi mutane wa za su zaɓa, ba za su faɗa miki gaskiya ba. Tambaye su abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, sannan ki duba bakin wanda ke maganarsa." Ta ji, ta ɗauka. Da yake kogi ɗaya ba shi ne ƙasa ba, sai ta yi mako uku tana zaga tashoshin mota da kasuwannin hatsi, tana kiran 'yan jarida na kudu da na gabas a waya. Kusan ko'ina kukan iri ɗaya ne. Ranar shirin ta buɗe baki ta ce mai mulki zai faɗi, ta kawo dalilanta. Manyan baƙi suka tuntsire da dariya, ɗaya ma ya ce ai 'yar mai fito ce, ba ta wuce lissafin kifi ba. Washegari aka cire ta daga shirin, aka mayar da ita karanta sanarwar biki da ta suna. Labari ya iso bakin kogi, masu tsallakawa suka riƙa zolayar Gambo. Abin ya sosa masa rai, don ya san shi ya jefa ta ciki, amma bai taɓa kiranta ya ce ta janye ba.

Aka yi zaɓe. Kwana uku bayan haka, da hantsi, Gambo na tsakiyar ruwa da mutane cike da kwale-kwale, rediyonsa rataye a wuya, aka sanar cewa mai mulki ya sha kaye. Ba a jima ba sai ga muryar Barira, an dawo da ita, ana tambayarta a wace jami'a ta koyi wannan hange. Gambo ya kashe inji don kowa ya ji. Ta ce karatu dai ta yi, amma wannan a wurin mahaifinta ta koya, Gambo mai fito. Ruwa na jan kwale-kwalen a hankali. Tsohon ya cire hula ya goge fuska da ita, ya dubi waɗanda suka zolaye shi ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Tawa ce." Sannan ya tayar da inji ya kai su gaɓa.

Ka ga ba duba ya yi ba, ba kuma mafarki ba. Kunne ya kasa tun da wuri. Shi ya sa Hausawa suka ce, Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.