Gafakar da Babu Komai a Ciki

Ina 'yar shekara goma Baba ya ɗauko ni daga makaranta, muka wuce ofishin wata lauya a Sedgefield, nan Ingila, don in yi masa tafinta. Yana rungume da tsohuwar gafaka, jakar fatar da ake adana Alƙur'ani. Babu komai a cikinta sai warin fata da hayaƙi.

Kakansa ne ya rubuta Alƙur'anin da hannu, ya yi masa zayyana. Sojojin Nasara suka ɗauke Alƙur'anin ranar da suka ƙone garinmu a Nijar. Baba ya ga hotonsa a littafin wani gidan tarihi na Turai.

Lauyar ta ce kotu takardar shaida take so.

Baba ya ɗora gafakar kan teburinta da hannu biyu. "Gaya mata su zura shi ciki. Dominsa aka ɗinka ta. In bai zauna daidai ba, na haƙura."

Kunya ta kama ni. Na ce mata, "Ya ce ya gode."

Har Baba ya rasu yana tambaya ko sun gwada. Gafakar tana rataye a ɗakina, kuma har yau na kasa sa mata komai.