Tulu Ba Ya Zama a Sunkuyayyen Kai

An yi wani saurayi mai ɗinkin hula, shi da wansa suke sana'ar a gindin wani durumi da ke ƙofar gidansu. Wan ne ya koya masa riƙon allura. Shi ne kuma in ya ga ƙanen ya daɗe a duƙe, sai ya ɗan buge shi a gadon baya ya ce, "Ɗago, kada allurar ta haɗiye ka." Su tashi su yi miƙa, su taka zuwa bakin kasuwa su dawo. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da wan, kwanciyar da bai tashi ba ke nan. Ya bar wata hula a rabi, allura soke a jikinta, zare yana lilo.

Da aka watse daga zaman makoki, saurayin bai ƙara zama gindin durumin ba. Ya kwashe kayansa ya shige zaure, ya kifa kai a kan ɗinki tun hantsi har rana ta yi ja, don in idonsa na kan zare ba ya ganin gefen tabarmar da babu kowa. In an ce masa, "Ya haƙuri?" sai ya ce, "Da godiya," amma ƙasa yake gaya wa. Abinci sai an matsa masa, ruwa sai maƙogwaro ya bushe, barci kuwa ya yi ƙaura. To, jiki ba ya ɗaukar raini. Wuya ya sandare, ciwo ya tare a ƙeya, baya ya soma lanƙwashewa kamar lauje. Daga nan yatsun hannunsa na dama suka fara mutuwa, yana cikin ɗinki allura ta suɓuce ta faɗi bai ji ba. Wannan ne ya tsorata shi, don hular wansa tana nan ajiye, ya ɗauki niyyar da hannunsa zai ƙarasa ta, ga hannun yana neman guje masa.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsu, a gabanta aka haife su su biyun. Wata safiya ta leƙo zauren, ta daɗe tana duban ƙeyarsa, sannan ta ce, "Angona, kana zaune ƙishirwa za ta kashe maka amarya? Ga tulu, ga gammo, rijiya ba ta tashi daga inda take ba." Kunya ta hana shi musu. Ya je ya ja ruwa, aka aza masa, ya taho yadda ya saba, ido a ƙasa. Ruwa ya yi ta kwararo masa ta goshi, ya iso sharkaf da rabin tulu. Tsohuwa ta yi dariya son ranta. Sai ta sa tafin hannu tsakanin kafaɗunsa, daidai inda wansa ke bugunsa, ta danna a hankali. "Tulu ba ya zama a sunkuyayyen kai, ɗan nan. Gobe ka kawo mini shi cike." Ruwan da ke fuskarsa a lokacin ba na rijiya ne kaɗai ba.

Haka ya shiga jigila kowace safiya. Tulu ba ya jin lallashi, dole ya ɗaga haɓa, ya saki kafaɗu, ya buɗe ƙirji, ya taka sannu. Kuma wanda ya ɗaga kai ba shi da zaɓi sai ya gani. Ya ga gero ya fid da kai, ya ga balbelu sun yi fari a kan tsamiya, ya ga fuskokin masu gaishe shi, har ya soma amsa musu ido cikin ido. Numfashin da ya daɗe maƙale a wuya ya sauka har ciki. In ya sauke tulu sai ya ji ƙishirwa ta gaske, ya sha, ya ji yunwa, tsohuwa ta miƙo masa koko. Barci ya dawo kamar wanda ya yi yaji ya huce. Ita ce kuma ta kore shi daga zaure ya koma gindin durumi, ta ce duk sa'ad da inuwa ta gusa shi ma ya tashi ya gusa. Sannu a hankali yatsu suka farfaɗo. Kafin a gama girbi ya zare allurar wansa daga inda wan ya soke ta, ya ɗora daga nan, ya kai hular ƙarshe, ba mai iya nuna inda hannun wani ya tsaya na wani ya kama.

Ran nan ya yi sammako fiye da kullum. Yana shiga gidan tsohuwar sai ya hango ta ta karkata randa tana tuttular da ruwa a gindin zogalenta, tana waige kada a gan ta. Ashe jikokinta kan cika randar tun da yamma, ba ta taɓa rasa ruwa ba, wuri take yi wa nasa. Ya ja da baya ya tsaya a soro har ta gama, sannan ya yi sallama. Ta ce, "Angona, ya haƙuri?" Ya dube ta, kansa a miƙe, ya ce, "Da godiya, Iya." Ya naɗa gammo, ya ɗauki tulu, ya kama hanyar rijiya.

Gaskiyar Hausawa da suka ce, abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.