Makka a Bayan Kwalin Madara

Ina yaro a unguwar Maamobi na zana wasa a bayan kwalin madara: tafiya daga ƙofar gidanmu har Makka, gida-gida kamar ludo. A gidan da na sa wa suna Tudu ake karɓar fasfo, kuma a dokata ba a komawa baya.

Ran nan da la'asar sakaliya Kaka ta ajiye waken da take tsincewa ta ce, "Maigida, ba ni murfin kwalba ɗaya, ni ma in je." Ita fa ba ta taɓa hawa jirgi ba, ga sa'o'inta duk sun zama hajiyoyi.

Jifan farko ta ci shida, ta tsallake Tudu. Na gani sarai, na yi gum. Ta yi ta tura murfinta tana dariya, ta wuce filin jirgi, ta haye teku, har tana labbaika ƙasa-ƙasa. Tana kaiwa bakin Makka na ɗora yatsa a kai.

"Ina fasfo?"

"A ina ake samu?"

"Tudu."

"To, bari in koma."

"Ba a komawa, Kaka. Doka ce."

Ta daɗe tana kallon kwalin.

"Tun a Tudu ka san ba zan shiga ba, shi ne ka bar ni ina ta murna?"

Ba ta yi faɗa ba, ta miƙe ta ɗauki butarta. Biro yana hannuna wallahi, layi ɗaya ya isa in yi mata hanyar komawa. Har yau in na tuna sai in sunkuyar da kai, don ban ja layin ba.