Baƙon Makaɗi a Gayyar Noma

Zauna, Malam Sallau, ka daina murza hular nan. Na ji kukanka. Ka ce Turanci ya juya maka kai: wani aikatau, wato kalmar aiki, in ka faɗe shi sai ka biyo shi da "to", wani ya ce shi atafau sai kalma mai "ing" a wutsiya, wani kuma ya karɓi duka biyun, ga jarrabawar ƙarin girma ta matso. Kana so in ba ka doka guda da za ta raba maka gardama. Wallahi da ina da ita, da tuni na huta da ciwon baki a ajin nan. Amma bari in ba ka misali.

An yi wani makaɗin gangar noma, gwani na gaske, hannunsa kamar ba ƙashi. Ya ji labarin wani ƙauye da makaɗinsu ya tsufa har hannu ya soma rawa, sai ya saɓa gangarsa ya tafi neman gurbin. Mutanen garin suka ce madalla, ga gayya nan tafe a gonar wani dattijo. In ya zuga maza suka gama huɗa kafin rana ta faɗi, gurbi nasa ne. To ka san yadda gayya take, kowane manomi da takensa, in aka kira shi aka buga masa sai ka ga garma na tashi kamar ba ƙarfe ba. Baƙo ya je wurin tsohon makaɗin ya ce a koya masa. Tsoho ya buga, sai baƙo ya ji ashe taken garin kaf a kan kiɗa biyu suke tafiya, ɗaya mai sauri, ɗaya mai nauyi. Ya ce a ransa, haba, ashe ma abin banza ne! Ya tambaya wa ake yi wa mai sauri, wa ake yi wa mai nauyi. Tsoho ya ce ai babu ƙa'ida, shi ma a gindin ubansa ya zauna damina bayan damina har kunnensa ya riƙe, amma ya zo su bi mazan garin ɗaya bayan ɗaya. Baƙo ya ɗauka rowa ake masa don kada ya gaji gurbi. Ya fice, ya tsaya bakin kasuwa yana ƙare wa mutane kallo, ya yanka wa kansa doka: dogaye mai sauri, gajeru mai nauyi.

Ranar gayya ya fara da wani dogo, ya buga masa mai sauri, dogo ya yi kururuwa ya shiga aiki. Baƙo ya ce ka gani ko! Ya juya kan dogo na biyu, ya buga irin wancan, sai mutumin ya tsaya yana waige-waige, yana neman wanda ake kira. Can ƙarshen gona kuma wani gajere ya zabura, shi a dole nasa ne. Baƙo ya ce to ba tsawo ba ne, shekaru ne: samari mai sauri, manya mai nauyi. Da ya buga wa wani mai furfura mai nauyi, sai mutumin ya ɗago ya daka masa tsawa, wai shi za a yi wa kiɗan masu ciwon baya? Ya sake doka, ya ce ƙila unguwa ce, ita ma ta rushe. Ga wani mai jar hula, ko wanne aka buga masa sai ya taka, wannan ya ƙara dagula masa lissafi. Zufa ta jiƙe masa riga, maza suka fara duban juna, aiki ya soma ja da baya.

Akwai wani jarumi a gaba, wanda duk inda garmarsa ta nufa nan sauran ke bi. Da safe an buga masa mai sauri ya karɓa. Da rana ta take, baƙo ya ga jiki ya yi sanyi, ya ce bari ya sauya wa jarumin, ƙila irin mai jar hula ne. Ya kira sunan gidansu, ya saki mai nauyi da duk ƙarfinsa. Jarumin nan ya tsaya cak. Ya ajiye garma a hankali, ya share ido da bayan hannu, ya fita daga gonar. Ashe mai nauyi da sunan gidan nan taken wansa ne, wanda aka binne bara war haka, kuma tun ranar ba wanda ya sake buga shi. Maza suka saɓa garemaninsu suka bi bayansa. Gona ta tsaya rabi, ga fura a ƙwarya ba mai sha, baƙo kuwa yana tsaye yana ta bugu, ya yi mai sauri, ya koma mai nauyi, bai san abin da ya kore su ba.

Kafin ya bar garin ya biya wurin tsoho, ya ce don Allah a gaya masa dokar da ya karya. Tsoho ya ce ba ka karya doka ba, ɗana, mutanen ne ba ka sani ba.

To haka kalmomin nan naka suke, Malam Sallau. Ka bi su ɗaya-ɗaya, ka ji kowacce da abin da take tafiya da shi, har kunnenka ya riƙe. Masu iya magana sun riga sun faɗa: kowane allazi da nasa amanu.