Gurbin Hoton Dimco

Ranar da 'yan unguwa suka fito gyaran tsohon layin maƙera a tsakiyar Plovdiv, Kaloyan aka ba ƙofar shagon Zlatka. Ya shafe ta tas da koren fenti, amma bai taɓa takardar sanarwar rasuwa da ke manne a jiki ba, mai hoton marigayi mijinta Dimco, wadda take sabuntawa duk shekara.

Zlatka ta fito masa da kofi, ta tsaya kallon ƙofar.

"Kwamiti ya ce a cire takardun mamata daga layin nan."

"Na ji," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ba hannuna ne zai cire wannan ba."

"Maganar auren da ka yi mini fa? Ka fasa?"

"Ban fasa ba. Jira nake."

Ta sa farce ta ɓamɓare takardar a hankali, ta ninke, ta sa a aljihu. Tsohon shuɗin fenti ya bayyana a gurbin.

Kaloyan ya ɗaga burushi, ta riƙe hannunsa.

"Bar masa wannan wurin. Kai kuma shigo ciki, kofinka na hucewa."