Batun da Atika Ta Ƙi Saki

Karo na uku ke nan Atika na tsayawa gaban kwamitin sashen nazarin ɗakin karatu da batu ɗaya: tsofaffin littattafan ajami da ke jibge a zaurukan malaman Sakkwato, gara na cin su. In aka sake ƙin amincewa yau, an sallame ta daga digiri na biyu.

Shugaban sashe, Dakta Jalaluddeen, bai ɗago kai ba. Sauran ɗalibai da sunansu yake kiransu, ita kuwa lambarta ya karanto.

"Wanga batu ya tsufa," in ji shi. "Duniya ta koma kan basirar na'ura. Abokan karatunki goma sha ɗaya duk can suka nufa."

Atika ta san haka. Wata biyu ta yi tana bin kundayen sashen shekara-shekara. Na farko-farko duk a kan katin jera littattafai suke. Daga nan kowa ya ruga kan kwamfuta, sai intanet, sai kafofin sada zumunta. Kowane yayi ya zo da hayaniyarsa, ya wuce ya bar kundaye suna shan ƙura. Ba wanda ya leƙa zaure ko ɗaya.

Ta kwance wani ƙyalle, ta aza takarda bisa tebur. Rabinta ya zama gari.

"Shugaba," ta ce, tana duban bango, "wagga fatawa ce kan rabon ruwan fadama, ta fi shekara ɗari da hamsin. Bara shafi tara gare ta. Bana huɗu. Na'urar taku mi za ta karanta in gara ta riga ta?"

Dakta Zulaihatu, da ke gefensa, ta sunkuyar da kai tana danne murmushi.

"Ba mujallar da za ta buga shi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ban zo don mujalla ba. Ku kore ni in kun so, amma ba ni sakewa."

Shugaban sashe ya gyara zama. Ya ce ƙa'ida ta hana shi jefa ƙuri'a a kan wannan ɗaliba, ya tura wa sauran. Hannu uku suka tashi, biyu suka ƙi. Batu ya wuce da ƙyar.

Ta naɗe takardarta ta fita. Tana bakin titi tana tsayar da keke napep zuwa Gidan Igwai, sai ga Dakta Jalaluddeen da sauri. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gaban ɗalibai.

"A gafarce ni, aiki na."

Atika ta kau da kai. Shekara arba'in da biyu ke nan ba ta taɓa kiran sunansa ba, don shi ne ɗanta na fari, wanda goyonsa ya katse mata karatu.