Maharbin da Ya Cinna wa Tudun Abokinsa Wuta

Tunda ka ce sabon abokin aikin nan naka ya tsone maka ido, gyara zama ka ji misalin wani maharbi.

A wani ƙauye na bakin daji an yi wani maharbi da ya yi suna wajen harbin barewa. Shekara da shekaru shi da amininsa suke shiga daji, har ciwon gwiwa ya zaunar da aminin a gida. Da kaka ta gabato, sarkin baka, shugaban maharba, ya haɗa shi da wani baƙo da bai daɗe da tarewa a garin ba, mutum mai fara'a, marar yawan magana. Maharbin ya karɓe shi hannu bibbiyu, don a zatonsa ya sami mai riƙe masa gora da saɓo nama. Suka shiga shirin farautarsu ta farko, suna gyaran kibau, suna zaga daji suna duba sawu, suna lura da inda barewa ke shan ruwa da inda take lasar kanwa. Ranar da suka fita bayan gari gwajin baka, aka rataye goruba a reshe. Maharbin ya harba ya kuskure da kaɗan, baƙon ya harba ya tsinko ta. Kafin la'asar labari ya game gari. A majalisa aka koma tambayar baƙo yadda dajin bana zai kasance, alhali ga mai dajin nan zaune. Abin da ya fi ci masa rai shi ne karensa, wanda ya yi rainonsa tun yana ɗan kwikwiyo, ya koma kwanciya a gindin ƙafar baƙon yana kaɗa wutsiya. Tun daga nan tuwo ya daina yi masa daɗi. In ya tuna za su shigo gari da nama a ce ai hannun baƙo ne, sai ya ture kwano ya tashi. Saboda haka ya canza shiri. A al'ada abokan farauta raba nama suke yi daidai, ko wa ya harba. Shi kuwa ya ce bana a raba daji, kowa ya ci abin da kibiyarsa ta kayar, ya kuma sa sarkin baka ya zama shaida. Maharbin ya ɗauki fadama mai ruwa da inuwa, ya bar wa baƙon wani tudu mai busasshiyar ciyawar gamba. Baƙon ya ce ya gode. Godiyar ma haushi ta ba shi. Ya yi ta saƙe-saƙe, kada a ce ko a tudun ne mutumin nan ya yi sa'a. Ranar kasuwa, da gari ya watse, ya zagaya ta bayan gonaki da garwashi a kasko, ya cinna wa tudun wuta. Ya tsaya daga nesa yana kallon hayaƙi, ransa fari, yana cewa a ransa to a ga abin da za a harba a cikin toka.

Abin da hassada ta mantar da shi, abu ne da ya sani tun yana bin bayan ubansa daji. Ƙasa ba ta gama bushewa ba, raɓa kuma tana sauka kowace safiya. Ba a daɗe ba tudun nan baƙi ƙirin ya fara kore, toho ya fito ta cikin toka, ɗanye sharaf, irin wanda barewa ke baro ko'ina ta zo ci. Garke-garke suka bar tsohuwar ciyawar fadama mai kaushi suka hau tudu, inda fili ya buɗe, mai baka yana hango su tun daga nesa. Maharbin ya wuni a kwanto cikin ciyawar da ta fi shi tsawo, sauro na cizonsa, ba ya ganin komai sai tsohon sawu, yana jiyo haushin karensa can kan tudu yana taya wani kora. Ba shi da bakin neman kaso, don shi ya kafa sharaɗin da bakinsa, a gaban shaida. Baƙon kuwa ya cika gidansa da nama, ya sayar da fatu, maroƙa suka sa sunansa a kirari. Duk ranar da ya yi kamu sai ya zo da kansa da cinya guda, ya durƙusa a ƙofar zaure ya ce, “Yaya, ga naka. Kai ka ba ni tudun nan, wanda ya sa masa wuta kuma, ko wane ne, Allah ya saka masa da alheri.” Maharbin ya amsa da amin, murya ƙasa-ƙasa. Matarsa ta yi farfesu, iyali suka sha suna sa wa baƙo albarka. Haka rani ya ƙare, kwarinsa cike da kibau, bai zubar da jinin ko gada ba.

To, kafin ka ɗauki naka garwashin, ka tuna abin da Hausawa suka ce: hassada ga mai rabo taki ce.